Ranar Da Na Bi Layin Masu Ƙorafin Waya

Shekarun baya, ina budurwa a ƙauyenmu da ke can bayan Kafur, saura ƙiris maganar aurena ta lalace saboda an kasa samun mutum ɗaya a waya. Abin dariyar kuma, mutumin yana cikin manyan da ke kula da harkar waya a ƙasar nan.

Baffana ne, yayan mahaifina. Tun muna yara ake ba mu labarinsa kamar tatsuniya. A Funtua ya fara aiki, zamanin wayar igiya, yana hawa turaku yana ɗaura wayoyin da iskar damina ta tsinke. Daga nan aka mayar da shi Kaduna, ya ƙaro karatu, da wayar hannu ta shigo kuma ya koma Abuja, hukumar da ke sa ido a kan kamfanonin waya. Ya zauna a sashen ba da lasisi, ya zauna a sashen duba ingancin sabis, yana ta hawa a hankali har aka ba shi darakta. Mu dai a ƙauye ba ruwanmu da wannan dogon bayani. Abin da muka sani shi ne Alhaji ne mai waya. Samarinmu har bugun ƙirji suke yi da shi a kasuwar Malumfashi, alhali garinmu ko ɗigon sabis babu sai an hau tudun da ke bayan makarantar firamare.

Ni kuwa a lokacin kaina cike yake da littattafan soyayya. Ina tsinkar zogale ina karatu, ina jiran tuwo ya nuna ina karatu. A tunanina Baffa yana zaune ne a wani ofis na gilashi mai sanyi, idan ya ɗaga yatsa sabis ya zo, idan ya sauke ya ɗauke. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, saboda haka Uwata yake kira na, ni kuma ina jin kaina kamar 'yar gidan mai mulkin iska.

Wanda nake so malamin makaranta ne a Bakori. A wajen wani biki muka haɗu a Funtua, dogo ne mai sanyin murya, kuma tun kallon farko na yanke hukuncin cewa irinsa ake rubutawa a littafi. Kullum bayan la'asar nakan ɗauki 'yar wayata mai tocila in hau tudu. Soyayyar tudu kuwa ba ta da sirri. Kina cewa "na yi kewarka" a hankali, shi ba ya ji, sai kin ɗaga murya, ga mai cinikin waken suya a gefenki yana ihu a tasa wayar, ga mata masu dawowa daga gona suna ƙunshe dariya.

Da magana ta yi ƙarfi, iyayensa suka zo wajen mahaifina. Shi kuma ya yi abin da kowane uba yake yi a wajenmu: ya ce 'ya ba tasa ba ce, ta yayansa ce, su je su same shi. A nan aka tsaya. Suka kira Baffa, sakatarensa ya ɗauka ya ce yana mitin. Suka sake kira, aka ce ya tafi taro ƙasar waje. Har ƙanen mahaifin saurayin nawa ya shiga mota ya je Abuja, ya wuni a bakin ƙofar ofis cikin masu neman kwangila da masu neman aiki, ya dawo bai ga kowa ba. Damina ta faɗi, shuka ta yi, masara ta yi goyo, shiru.

Mahaifinsa babban ɗan kasuwar hatsi ne, ba ya ɗaukar raini. Ya ce shi ba kwangila yake nema ba, kuma ba zai sake aika kowa ba. Mahaifiyarsa ta fara ambaton wata 'yar ƙanwarta da ta gama makaranta. Ranar da saurayin nawa ya faɗa mini haka a waya, da kuka na sauko daga tudun nan.

Mahaifina kuma ko kusa ba zai kira yayansa ya ce masa ya hanzarta aurar da 'yarsa ba. Wannan abin kunya ne. Inna ta yi masa magana, ya ce, "Yaya ya san abin da yake yi." Ni kuma 'ya mace ba ta buɗe baki a kan aurenta a gaban iyaye. Kowa ya san matsalar, kowa ya yi shiru, ni ina ta jiƙa matashi da hawaye kamar yadda na ga ana yi a littafi.

Sai ga labari cewa Baffa zai zo gida, gari zai taya shi murnar ƙarin girma. Lokacin girbin masara ne, ko'ina ka duba an baza ta a ƙofar gida tana shan rana. Aka share fili, aka yanka rago, aka kafa rumfa. Da hantsi motarsa ta shigo, yara na bin ta a guje. Na ce yau dai ko ta halin ƙaƙa.

Amma ina zan gan shi? Ko ruwa bai gama sha ba mutane suka yi layi, kowa da waya a hannu. Haka ake yi masa duk zuwan da zai yi. Daga bakin zaure muke leƙe ni da goggona, ƙanwar su Baffa.

Wani tsoho ya miƙa tasa ya ce, "Alhaji, na sa kati shekaranjiya, ban kira kowa ba, na wayi gari sun lashe. Ka faɗa wa yaranka su ji tsoron Allah."

Baffa ya yi dariya ya ce, "Baba, ba yarana ba ne, ni mai tsawata musu ne. Kawo in gani." Ya duba, ya cire masa wani abu da aka liƙa wa layin ba da saninsa ba.

Wata ta ce duk wanda ya kira ta sai ya ji kiɗa, har surukinta ya fara yi mata wani kallo. Wani kuma gilashin wayarsa ne ya fashe, shi ma ya kawo. Mai unguwa ya gyara zama ya ce, "Ranka ya daɗe, mu dai ƙarfen sabis muke so. A ce garin mai waya ba waya?"

Baffa ya ce, "Mai unguwa, kamfani ke kafa ƙarfe, ba ni ba. In na roƙe su alfarma yau, gobe da wane baki zan ci su tara? Ana bin garuruwan da ba su da shi, namu na ciki, zai zo a kan layinsa." Mai unguwa ya ce to, amma fuskarsa ba ta ce to ba. Ni ma sai na ji ofishin gilashin nan nawa ya ɗan tsage.

Goggo ta zungure ni. "Ke, ina wayarki?"

Na ce, "Ga ta. Lafiyarta ƙalau."

"Uwarki ce lafiyarta ƙalau. Ja mayafi ki bi layi."

"Goggo, in ce masa me?"

"Kowa ƙorafin waya ya kawo, ke ma shi za ki kai. Duk littattafan nan da kike ƙona mana miya a kansu ba su koya miki magana ba?"

Na bi bayan matan da ke layi. Mahaifina yana zaune a gefen Baffa, da ya hango ni sai ya zaro ido. Na yi kamar ban gani ba. Da aka zo kaina na durƙusa, na miƙa wayar da hannu biyu.

Baffa ya washe baki. "A'a, Uwata! Ke ma sun cinye miki kati?"

Na sunkuyar da kai na ce, "A'a, Baffa. Wasu mutane ne daga Bakori suke ta kiran wata lamba tun kafin damina, ba ta shiga."

"Lambar wa?"

"Taka, Baffa."

Wata tsohuwa a bayana ta ce, "Oh ni, 'ya'yan zamani!" Baffa ya dube ni, ya juya ya dubi ƙanensa. Mahaifina ya dasa ido a tabarma kamar yana ƙirga zarenta. Baffa ya matsa kusa da shi, suka yi magana ƙasa-ƙasa, ina ganin fuskarsa tana sauyawa. Ashe ko sau ɗaya saƙon bai isa gare shi ba.

Ya ce da ƙarfi, "Mutum ya zo har ofishina a kan maganar Uwata aka bar shi a waje? Kai kuma ka zauna ka yi shiru?"

Mahaifina ya ce, "Yaya, na ga ayyuka sun yi maka yawa."

"Ba ni lambar mutumin nan yanzu."

Ya zaro manyan wayoyinsa guda biyu, ya duba wannan, ya duba waccan. Babu ko sanda ɗaya. Mai unguwa ya yi gyaran murya ya ce, "Ranka ya daɗe, sai dai a hau tudu. Zai zo a kan layinsa." Rumfa ta kwashe da dariya, har shi Baffan.

Ya tuɓe babbar riga ya miƙa wa direba, ya ce in wuce gaba. Jama'a, ban taɓa jin abin da na ji a ranar ba. Ga ni a gaba, ga darakta guda a bayana yana haki, ga rabin gari a bayansa, har da masu riƙe da ludayi. Ji nake kamar ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Da muka kai sama ya ce kowa ya ja baya, aka ja baya taku kaɗan aka miƙe kunnuwa.

Na kira wanda nake so, na ce Baffa ne zai yi magana da mahaifinsa. Ranar kasuwar Bakori ce, ina jin hayaniya da ƙarar motocin ɗaukar hatsi, ina jin sa yana gudu yana cewa a ba shi hanya. Baffa ya karɓi wayar, ya toshe ɗaya kunnen da yatsa.

"Salamu alaikum, Alhaji! Ni ne waliyyin yarinyar nan. Na'am? Na ce waliyyinta! Alhaji, laifina ne, wallahi sai yau na ji."

Wayar tawa mai ƙara ce, duk wanda ke kusa yana jin amsar. Dattijon ya amsa sallama a daƙile, sannan ya ce, "To, Alhaji, gaskiya mu mun riga mun..."

Layin ya yanke.

Na ce, "Mun riga mun me? Baffa, mun riga mun me?" Na manta da kunya gaba ɗaya. Ya sake kira, bai shiga ba. Ya ɗaga wayar sama, ya juya gabas, ya hau kan dutse, shiru. Wani daga baya ya ce, "Ka ga abin da muke sha ke nan, Alhaji."

Baffa ya miƙo mini wayar ya ce wa direba, "Je ka tayar da mota."

Mahaifina ya sha gabansa. "Yaya, mu ne fa masu 'ya. Ina aka taɓa yin haka? Ga abinci an gama, ga baƙi."

"Ba 'ya zan kai musu ba, haƙuri zan kai. Mutuminsu ya wuni a ƙofata. Ku ci abincin."

Haka motar ta fita ta bar ƙura, aka bar rago da shinkafa da masu jawabin da suka kwana suna shiri. Ni kuwa na shiga ɗaki na fito, na fito na shiga. Na ɗauki tsintsiya na share inda na riga na share. Inna ko kallona ba ta yi, ita kunya ta ishe ta. Goggo kuwa tana ta cin nama tana cewa in zauna kafin in haƙa rami a tsakar gida. A raina na gama tsara ƙarshen labarin kala-kala, a wani har na ga kaina na tsufa ban yi aure ba, ina kiwon tumaki.

Rana ta yi ja sosai kafin muka ji ƙarar mota. Na laɓe a bayan ƙofar zaure. Baffa ya shigo da ƙura har a gira, direba na biye da shi da ƙullin goro. Daga baya muka ji cewa a tsakiyar kasuwa ya sami dattijon, a kan buhunan masara, kuma abin da ya so faɗa a waya shi ne sun riga sun haƙura da maganar auren. Baffa ya zauna a kan buhu kusa da shi, ya ba shi haƙuri a gaban abokan cinikinsa, bai tashi ba sai da mutumin ya yi dariya.

Ya tsaya a tsakar gida ya ce, "Ina mai ƙorafin nan? Na san tana bayan ƙofa." Na fito ina rufe fuska. Ya ce, "Uwata, an duba matsalarki. Ranar Juma'a za su zo."

Goggo ta callara guɗa da ƙashi a hannunta. Ni kuma da na sha karanta yadda ake faɗuwa a sume don murna, ban suma ba. Tsalle na yi, na take kwanon miya, na ruga ɗaki.

Yau yaranmu sun fara tasawa, Baffa ya yi ritaya yana noman waken suya. Idan na ji ana zagin manyan ma'aikata a dunƙule, nakan yi shiru, don na ga ɗaya daga cikinsu ya ƙi roƙa wa garinsu alfarmar da ba ta dace ba, kuma a wuni guda ya ajiye girmansa ya je ba da haƙuri a kan abin da bai ma san an yi ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda muka kusa rasa komai don kowa yana jin nauyin kowa. Shi ya sa na faɗa wa 'ya'yana tun yanzu: duk ranar da wani abu ya tsaya musu a wuya, su zo su same ni kai tsaye, ko da kuwa ina tsakiyar baƙi.