Haƙorin da Ya Ci Takardar Yabo

Pyo Gap-sun ba ta taɓa zama gaban masaƙa ba, amma duk yadin mosi na kirki da ya fita daga ƙauyensu a Hansan, ta bakinta ya bi. Tsaga ce aikinta. Sai ta jiƙa ɓawon mosi, wata shuka mai kama da rama, ta kafa shi a haƙorinta na gaba, ta ja, ta sake ja, har ya koma siriri kamar gashi, sannan ta haɗa silin da yawu ta murza a gwiwa. Tana da shekara goma sha ɗaya ta fara, leɓɓanta na fashewa suna jini. Kafin ta kai ashirin zaren ya sassaƙa wa haƙorin wata 'yar hanya, kuma wannan hanyar ita ce duk abin da ta mallaka.

Suna kuwa, maƙwabciyarta Maeng Ok-bun ce ta kwashe shi, masaƙiya. Ita ake ɗauka hoto, ita gunduma ta ba takardar yabo, kuma shekara arba'in ko da wasa ba ta taɓa cewa ga wadda ta tsaga zaren ba. Gap-sun ta tsane ta har cikin ranta. Katanga ɗaya ce tsakaninsu, ta kanta ake miƙa zare, don babu mai taka gidan wata.

Bazarar da ta cika sittin da bakwai haƙorin ya fara motsi. Dasashin ya kumbura ya janye, kullum ta wanke baki sai jini. 'Yarta Chun-ja ta ja ta gari wurin likitan haƙori, ya ɗauki hoto ya nuna mata.

"Kaka, haƙori dannawa yake yi. Ke kuwa fiye da shekara hamsin kina fizgarsa waje, wuri guda. Ƙashin da ke riƙe da shi ya zaizaye, kaɗan ya rage. In kin daina yau, sai in ɗaure shi da na gefensa ya ƙara miki wasu shekaru."

"In ka ɗaure, zan yi tsaga?"

"Ko masara ba za ki gaguya da shi ba."

"To in bar shi ya yi min me? Ado?"

Baki ne kawai, ta tsorata. Ta tuna uwarta da ta ƙare ba haƙori ko ɗaya, haɓa na neman taɓa hanci. Sati uku tana shan kunun shinkafa tana lallaɓa shi, tana gwada tsaga da haƙorin gefe. Zaren ya fito da kauri, haka ta miƙa shi.

Washegari Ok-bun ta jefo mata shi ta kan katanga.

"Maman Chun-ja, wannan zare ne ko igiyar shanya? Yadin baje kolin gunduma zan saƙa. In bakinki ya mutu ki faɗa, in nemi mai rai."

"Nema mana. Wa ya rage? Sai dai ki je maƙabarta ki tono su."

"Ni dama na sani, hannuna ne yake rufa miki asiri tun tuni."

Mai hankali ciki zai shiga ya rufe ƙofa. Gap-sun kuwa, in dai a kan Ok-bun ne, ba ta da hankali ko na sisi. Ta jiƙa ɓawo, ta mayar da shi tsohuwar hanyarsa a haƙorin mai motsi.

Kwana goma sha tara tana ja. Kowane sili sai ta ji shi har ƙwaƙwalwarta, haƙorin na rawa kamar turke a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ta wanke jinin da ya taɓa zaren, ta ci gaba. Ranar ƙarshe da hantsi ta ja, sai ga haƙorin ya biyo zaren, ko zafi babu. Ta daɗe tana kallonsa a tafin hannu, dogo, ya yi rawaya, ga hanyar nan a bakinsa.

Ta cusa shi tsakiyar dunƙulen zaren, ta ƙwala wa Ok-bun kira. Ok-bun ta ɗaga sili ɗaya ta duba a rana.

"Ba laifi," ta ce. Sai abin ya faɗo mata a hannu. "Wace ƙazanta ce wannan?"

"Shi ya ci miki takardar yabo. Ki rataye shi kusa da ita." Gap-sun ta ɗage leɓe ta nuna mata giɓin. "Daga yau sai ki saƙa da hannun naki."

Ok-bun ta kalli giɓin, ta kalli haƙorin. "Wawiya. Da kin faɗa min."

"Da kin yi me?"

Ok-bun ta juya ta shige.

Yadin ya zo na ɗaya, sunan Ok-bun kaɗai aka kira. Shi ne na ƙarshe da ta saƙa, don ta ƙi taɓa zaren kowa. Ƙarar masaƙar da Gap-sun ta yi shekara arba'in tana tsine wa ta ɗauke, shirun kuma bai yi mata daɗin da ta zata ba. Har yanzu da safe takan jiƙa ɓawo ta kai baki, ya zame a kan dasashi bai tsagu ba. Sai ta ajiye, ta kasa kunne wajen katanga, ta zagi ragguwar matar da ta ƙi zama ta yi saƙa.