Kogo Biyar da Sudokun Baban Dauda

A ƙauyenmu da ke bayan Zonkwa, idan an gama yanka citta an baza ta a kan dutse, manya sukan samu sararin zama. Mu kuwa yara lokacinmu ke nan. Da an ci tuwon acca an yi addu'ar yamma, sai mu kewaye murhun Kaka, mahaifiyar babanmu, tana tura gwaza cikin toka tana juya ta da tsinke. Da yarenmu take ba da labari, amma in za ta yi faɗa sai ta koma Hausa, irin Hausarta da ba ta raba mace da namiji. Kowa "kai" ne a bakinta, har ni Rifkatu.

Labarin Kaka ba a jin sa a kwance. Sai ta kai ka tsakiya ta tsaya, ta ce ka fid da kanka.

Wanda ya fi zama mini shi ne na wata mata da 'yarta ta hau dutse neman itace, ruwa ya tsuge. Aka ɗauke ruwa, yarinya ba ta dawo ba. Dutsen nan kogo biyar gare shi, kuma kowa a garin ya san huɗu da masu su: kada, mesa, kura da damisa, kowanne shi kaɗai a nasa. Ɗaya ne babu kowa, amma ba wanda ya san wanne ne. Uwar ta ce in dai 'yata na da rai, can ta fake. Ba halin kira, murya za ta ta da damisa. Ba halin leƙawa, wanda ya leƙa kogo mai shi na ciki ba ya komawa gida.

Kaka ta jera tsakuwa biyar a gaban wuta, biyu a ƙasa, ɗaya a tsakiya, biyu a sama.

"To, ku ne uwar. Ina za ku shiga?"

Yayana Bulus bai jira ba. "Na ƙasa, na hannun dama."

"An cinye kai," in ji Kaka, ta ɗauke gwazarsa ta ajiye gefe. "Ka sani ne, ko canka ka yi?"

Sannan ta ci gaba. Uwar ta zauna a gindin dutse tana dubawa, zuciyarta na ce mata tashi ki ruga, ita kuwa ta ƙi. Ta lura kogo biyu na ƙasa ne kaɗai rafi ke shiga. Kadan dutsen nan da mesarsa ba sa rayuwa sai da ruwa. Su biyu, kogo biyu. Ke nan ƙasa ta cika, babu wurin kowa kuma.

Na ce, "Kaka, wanne ne na kada, wanne ne na mesa?"

"Abinci za ka kai mishi? Uwar ba ta sani ba, ba ta kuma bukata. Cire su ka ga abin da ya rage."

Ta kwashe tsakuwa biyu. Saura uku. Kura ba ta iya hawan tsaye, saboda haka na tsakiya, mai hanya a shimfiɗe, nata ne. Saura biyu na sama, ɗaya na damisa. Uwar ta hau da rarrafe ta laɓe, sai ta ga rema, 'yan dabbobin nan na kan dutse, sun fito shan rana a bakin na hagu, hankalinsu kwance. Rema ba ya miƙe ƙafa a ƙofar damisa. Ta shiga na hagu, ta tarar da 'yarta tana rawar sanyi, rungume da itacenta.

Kaka ta mayar wa Bulus gwazarsa, bayan ta gutsuri rabi.

Na girma, na yi aikin nas a Kafanchan har na yi ritaya. Maigidana, Baban Dauda, malamin lissafi ne a sakandare. Bara ya samu shanyewar ɓarin jiki. Allah ya tashe shi, amma hannun dama ya yi nauyi, magana kuma tana sarƙe masa. Likita ya ce a ba ƙwaƙwalwa aiki, sai ɗanmu Dauda ya aiko masa da littafin sudoku, wasan nan na cika gidaje da lambobi daga ɗaya zuwa tara, ba a maimaita lamba a layi ko a akwati. Masu sauƙi ya wuce su da hannun hagu. Da ya kai masu wuya sai ya tsaya cak. Ya fara canka, ya rubuta, ya goge, har takarda ta huje.

Wata rana bayan mun dawo daga sujada a coci, ya ture littafin daga cinyarsa.

"Maman Dauda, kan nan ya tafi. Gara ki daina ɓoye mini."

Ban taɓa jin ya yi magana haka ba, ko a gadon asibiti. Na ɗauki littafin ina kallon ƙananan lambobin da ya cusa a kusurwar kowane gida da fensir, ban gane komai ba. Don dai kada shiru ya yi yawa, na zauna na ba shi labarin kogo biyar, har da muryar Kaka.

Da na kai wurin kada da mesa sai ya ɗaga hannu.

"Maimaita nan."

Na maimaita. Ya karɓi littafin, ya bi wani layi da yatsa a hankali, ya dawo ya sake bi.

"Uku da bakwai," ya ce. "Duk layin nan gida biyu kawai za su iya zama. Ban san wanne ne ina ba."

"To?"

"To gidajen sun cika. Biyar ɗin da na sa a cikinsu ba ta da wuri." Ya goge ta. Gida ɗaya ya rage wa biyar a layin, ya rubuta ta. Daga nan sauran suka yi ta buɗewa. Da ya cika gidan ƙarshe, sai ya tambaya ko akwai sauran shinkafa.

Yanzu ya wuce nan nesa. Yana neman lambobi uku a gida uku, yana kuma bin wata dabara mai kusurwa huɗu da ya yi ta bayyana mini ban kama ba. Ni dai abin da nake jinjina wa Kaka, matar da ba ta taɓa riƙe fensir ba, shi ne ta san tsoro yana sa mutum ya ruga ya zaɓa, ta kuma koya mana a zauna da rabin sani a yi aiki da shi.

Har yau likita bai iya gaya mana ko hannun zai dawo ba. Mun bar wannan tambayar a inda take. Abin da muka tabbatar shi ne kan yana nan, kuma ranar Litinin 'ya'yan maƙwabta za su fara zuwa ya koya musu lissafi a baranda.