Jitar Yaya Garba da Man Kaɗena

Shekara arba'in ke nan da aka kai Yaya Garba makwancinsa a Yelwa. Ni ce autar ɗakinmu, ni kaɗai kuma na rage. Duk shekara sadaka nake yi masa in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni, saboda abin da na gano a watan jiya.

Waɗanda suka san Yelwa kafin ruwan dam za su tuna shi: dogo, mai wushirya, mai kaɗa jita a wata 'yar ƙungiyar makaɗa da ke bin bukukuwa daga nan har sansanin ma'aikatan Kainji. Yana ɗan saurayi ya fara ganin jita, a shagalin samun 'yancin kai, a hannun wasu makaɗa da aka ɗauko daga kudu, bai ƙara samun sukuni ba. Babanmu mai jirgin fito ne, ba ya rasa sahun farko a masallaci, ya ce shi bai haifi maroƙi ba. Inna kuwa, a ɗakin girkinta ake ɓoye duk abin da za a ɓoye.

Jitarsa ta farko ta kanti ce, mai araha. In shi kaɗai ne a zaure tana da daɗi, amma da ganguna da begila sun tashi sai ta nutse, ka ga yatsu suna motsi ba ka jin komai. Lasifikarsu ɗaya ce, ta mawaƙi ce. Sai ya ƙudura sassaƙa tasa, shi da amininsa Bulus, ɗan ƙabilar Gungawa, masassaƙin jirgi, wanda shi ne mai gangar ƙungiyar.

Ina wanke-wanke nake jin gardamarsu a kan itace. Bulus madobiya yake so, don kyanta da zurfin muryarta. Yaya Garba ya ce madobiya sarauniya ce a cikin ɗaki, amma can ƙasa inda muryarta ke zama nan ne gidan ganga, in sun haɗu a fili sai su haɗiye juna. Ƙirya kuwa a bar wa taɓarya da gawayi. Rimi yana amsawa da wuri, amma ba shi da ƙashi. Shi madaci ya zaɓa, ya ce muryarsa a tsakiya take, gajeriya, busasshiya, kamar ta uwa mai kiran ɗanta a kasuwa: ba ta fi kowa ƙara ba, amma ita ake ji. Na fuskar jitar kuwa, inda sauti ke fitowa, farin katako marar nauyi ya samo daga akwatunan da aka kawo injinan dam a ciki. Yakan riƙe falle da yatsu biyu kusa da kunne, ya ƙwanƙwasa, ya lumshe ido kamar mai ɗanɗana miya.

Madacin daga tsohon jirgin Baba ya fito. Da aka ce ruwa zai ci unguwarmu ta bakin kogi, kowa na cire ƙofa da azara, shi Yaya Garba jirgin da aka yasar ya farfasa. Rani biyu katakon ya yi a rataye a saman murhun Inna a sabon gida kafin su taɓa shi. Da jitar ta kammala, an ce daga bakin kasuwa ana rarrabe ta a tsakiyar ganguna. An ce, na ce, domin mu 'yan gidan babu wanda ya taɓa zuwa wurin wasansu. Sau ɗaya na tsinci wani ɓangare na kiɗan ta bayan zana, ina dawowa daga makaranta da la'asar, na kuwa ƙara sauri kada a gan ni.

Nakan tambayi kaina me zai ce da zamanin nan. Yanzu yaro ɗaya da na'ura ya isa biki, ganga da jita duk suna cikin akwati, ba mai buƙatar ya bar wa wani wuri a cikin sauti. Madobiyar da suka yi ta gardama a kanta, manyan motoci sun yi ta kwasar gungumenta har sai an yi tafiya kafin a ga tsayayya. Ina jin zai yi dariyar nan tasa ya ce kunne ne ya yi arha.

Zazzaɓi ne ya ɗauke shi, bai bar mata ba, bai bar ɗa ba. Bayan sadakar uku Bulus ya roƙi a ba shi jitar. Inna ta hana, ta miƙo mini ta ce, “Ki kula da ita kamar shi.” Na kuwa kula da ita yadda na iya kula da kayan itace. Mu mata mun san in rani ya tsananta turmi da akushi suna tsagewa in ba a ba su mai ba. Saboda haka duk shekara nakan sauko da ita, in narka man kaɗe, in shafe ta gaba da baya, har in zura hannu ta ramin in shafa ciki iyakar inda yatsuna suka kai. Ina yi ina yi masa addu'a. Ko tsaga ɗaya ba ta yi ba, ina ta alfahari da haka a raina.

Bulus ya sha aikowa a ba shi aronta ko na yini ɗaya. Ni kuma in ce sai an sa rana. Gaskiyar ita ce ina jin nauyin a ga Hajiya mai zuwa Islamiyya ta fito da jita a hannu. A watan jiya 'yarsa Rifkatu ta zo ta ce idanun tsohon sun tafi, jikin ma ya yi nisa, abu ɗaya yake maimaitawa: yana so ya ƙara jin muryar Garba. Na naɗe ta a zane, na sa a buhu, na hau motar Wara, garin da yake zaune.

Na same shi a kan tabarma a inuwar mangwaro. Ya karɓe ta da hannu biyu, kafin ya taɓa komai sai ya kai ta hanci.

“Ƙanwata, mi nika ji haka? Jita kika kawo min ko tuwon biki?”

“Man kaɗe ne, Yaya Bulus. Don kada ta tsage.”

“Tun yaushe?”

“Tun da ya rasu.”

Ya ɗaura sababbin tsirkiyoyin da ya daɗe da tanada, da lalube, ya ɗaga ta kusa da kunne ya ƙwanƙwasa fuskar. Ni ma na ji: dum, kamar an bugi jiƙaƙƙen buhu. Ya kaɗa, sautin ya fito ya faɗi nan gaban tabarma.

“Rani biyu munka yi muna korar danshi daga itacen ga,” in ji shi a hankali, “ke kin yi arba'in kina mai da shi. Kin ciyar da ita har ta yi ƙiba ta kasa magana.”

Na tambaye shi ko ana iya cire man. Ya ce abin da itace ya sha ya sha ke nan. Garin gyaran gira na rasa ido. Da na ba shi tun da ya fara tambaya, da ta yi ta magana shekaru. Rashin sani ya fi dare duhu, haka ne, amma mai sanin yana nan Wara duk tsawon lokacin, kunya ce ta hana ni zuwa.

Na fara kuka, sai ya ce, “Bari, Hajiya, kada ki ƙara mata ruwa. Matso kusa, yau ba ganga, ba wanda za ta yi takara da shi.” Na matsa har gwiwata na taɓa tabarmarsa. Ya kaɗa wata waƙar da Yaya Garba ya yi wa unguwarmu da ruwa ya ci, yana ambaton gidaje ɗaya bayan ɗaya da muryarsa mai rawa. Har da namu a ciki, har da sunan Inna, har da nawa. Ban taɓa sanin akwai waƙar ba.

Muryar da Yaya Garba ya zaɓa wa jitar da kunnensa ta tafi, a hannuna kuma ta tafi, ba zan ce ba haka ba ne. Abin da ya rage shi ne waƙar nan a bakin tsoho ɗaya, da ni da Rifkatu da muka roƙe shi ya maimaita har muka riƙe. Jitar na bar masa, na dawo da buhuna wayam. Allah Ya haskaka kabarinka, Yaya Garba, Ya yafe maka. Kai ma ka yafe wa autar da ka sa a waƙa, ba ta zo ji ba sai da ta yi furfura.