Baba Kirunda Ya Tafi Bai Faɗi Inda Ya Ajiye Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safiyar Juma'a, tara ga watan Mayu, aka tsinci gawar Baba Muzamiru Kirunda, mai kula da ɗakin fayiloli na kotun garinmu, a gefen hanyar gonakin rake. 'Yan sanda sun ce motar rake ce ta buge shi. Na je wurin da kaina, na ga kekensa a jingine da bishiya, ko ƙararrawarsa ba ta lanƙwashe ba. Ban san motar da ke buge mutum ta jingine masa keke ba.

Baba, shekara ashirin da shida ka yi a ɗakin nan mai warin tsohuwar takarda. Kowa ya san a kotunmu fayil ƙafa gare shi. Ana gobe shari'ar talaka sai ya yi ɓatan dabo, alƙali ya ɗage zama, mutum ya koma gidan yari ya ci gaba da jira. Kai ne ka samo maganin abin: duk fayil ɗin da ka ga ana yawan tambayarsa, sai ka riga ɓarayi sace shi, ka ɓoye inda kai kaɗai ka sani, ranar shari'a ka ɗora shi a teburin alƙali kana ta tari kamar ba ruwanka.

Haka ka yi wa mijina Badru. Shekara huɗu ke nan yana tsare ba hukunci, wai shi ya ƙona raken attajirin da ya daɗe yana kwaɗayin filinmu. A cikin fayil ɗinsa akwai bayanin maigadin gonar, wanda ya ce yaran attajirin ne suka sa wutar. Maigadin ya riga mu gidan gaskiya, takardar nan ce kaɗai bakinsa yanzu. Ranar da na zo ina kuka, ka tura min rabin dafaffen rogonka, ka ce, "Maman Sauda, ci tukuna. Fayil ɗin mijinki ya fi ki samun barci."

Na ce, "Baba, ko ni ba za ka faɗa wa inda yake ba?"

Ka ce, "Ke? Kafin la'asar masu kifin kasuwa sun ji."

Na yi dariya a lokacin. Yau haushinka nake ji, Baba, kuma ina kewarka.

A zaman makoki na ga abin da ya tsaya min a rai. Mutanen da ba su taɓa amsa gaisuwarka ba sun zo da buhun sukari, suna tambayar Mama Hadijja, matarka, ko kana kawo aikin ofis gida. Wani har ya nemi ya taya ta gyara ɗakinka. Biri fa ya yi kama da mutum.

Ga shi an ce ƙarshen watan nan za a zuba duk fayiloli cikin kwamfuta, wai daga nan ba sauran ɓata. Madalla. Amma abin da aka samu a kan kanta shi za a zuba, kuma masu zubawar su ne waɗanda ka yi shekaru kana ɓoye wa. Wanda fayil ɗinsa bai shiga ba, shari'arsa ba ta nan, shi kuwa yana can a kulle.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya tona asirin duk mai hannu a ciki. Mama Hadijja, da 'ya'yansa Swaibu da Nusura, Allah ya ba ku haƙuri, ya tsare ku.

In kuma akwai wanda Baba ya ba ajiya, don girman Allah kada ka zo gidana, kada ka gaishe ni a hanya, ana bina. Ranar Talata, ashirin da bakwai ga wata, ranar shari'ar Badru, ka shigo kotu ka miƙa wa alƙali fayil ɗinsa hannu da hannu a gaban jama'a. Sauda za ta zo. Shekararta biyar, tun da ta yi wayo ba ta taɓa ganin ubanta ba ankwa ba.