Fuskar Uwar Ɗan Fari

Malam Kailani shekararsa talatin da huɗu, malamin jami'a ne. Shi da wasu likitoci suna binciken yadda fuska ke nuna abin da ke zuci. Yau yana tashar Tudun Wada da littafinsa.

Ga wata dattijuwa tsaye cikin sabuwar atamfa, ɗanta durƙushe gabanta, wai gwamnati za ta tura shi Ingila karatu. Ba ta dube shi ba, ba ta kira sunansa ba.

"Ko a jikinta," in ji Kailani, yana rubutawa.

"Goge, Malam," in ji wani ɗan kamasho da ya leƙo littafin. "Ɗan fari ne, kunya take ji. Hannunta za ka duba."

Tun ɗazu take murɗa bakin mayafinta. Mota na tashi da ɗanta, ta duƙa ta ɗebi ƙasar sawunsa, ta ƙulle a bakin mayafin don ya dawo.