Gidan Rina a Indararonmu

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, a nan Damagaram, rina ta yi gida a bakin indararon soronmu. Gidanmu na gado ne a cikin Birni, kuma indararon ya leƙa ta kan katanga zuwa tsakar gidan maƙwabcinmu, wani dattijo baduku da muke kira Baba, aminin marigayi mahaifina. Tun zamaninsu suka yarda ruwanmu ya bi ta gidansa ya fita lungu. Da rani kuwa, daidai ƙarƙashin indararon yake shimfiɗa buzu yana ɗinkin fata.

Ni Allah ya yi ni da son ganin ƙwaf. Ranar da na fara hango gidan rinar bai fi ƙwallon goriba ba, amma maimakon in cire shi sai na mayar da shi abin kallo. Kullum bayan la'asar sai in hau soro in tsuguna nesa kaɗan, ina kallon yadda suke kankarar tsohuwar azara, su tauna, su dawo su liƙa ɗaki a jikin ɗaki. Har zana su nake yi ina nuna wa 'yan ajina. Matata ta ce mutane suna kiwon tumaki, ni na zaɓi rina.

Sau biyu dattijon ya yi mini magana, duka biyun muna dawowa daga masallaci mu kaɗai. Ya ce baƙina sun fara yawa, har suna sauka kan fatunsa. Na ce in Allah ya yarda ranar Lahadi zan gama da su. Lahadi huɗu suka wuce.

Sai ruwan farko ya sauka da hantsi, ba shiri. Baba ya fito da sauri yana tattara fatu, ruwan soronmu ya ɓamɓaro gidan rinar ya jefo masa a wuya, suka yi ta harbinsa. Kafin a kai shi likita fuskarsa ta kumbura, numfashi yana neman gagararsa. Kwana uku ya yi a kwance. Babban ɗansa ya zo daga Takieta ransa a ɓace, ya ce sai dai mu haɗu a komisariya, gaban 'yan sanda. Da ƙyar mai unguwa ya shawo kansa a fara zama a zaurensa.

Tsoro ya kama ni, amma ko a cikin tsoron halina bai bar ni ba. Tambaya ɗaya ta hana ni sakat: rina ta wace ce? Ban saye ta ba, ban gayyato ta ba, ba akuya ba ce balle a ce na kwance ta. Na je wurin wani abokina da ke aiki a kotu. Ya yi dariya, ya ce ba wanda zai tambaye ni mai rina. Abin da za a duba shi ne, wurin yana hannun wa, kuma ya san da haɗarin ya ƙyale ko bai sani ba. Ya tambaye ni ko an taɓa yi mini magana a gaban shaida. Na ce a'a. Ya ɗaga kafaɗa, ya ce to ni na san abin da zan faɗa.

Na shiga zauren mai unguwa da jawabina a shirye: rina halittar Allah ce, kuma gidanta a sararin maƙwabci yake lilo, ba a nawa ba. Ban ma kai rabi ba mai unguwa ya tsayar da ni. Ya ce a Birni ba a auna indararo da inda ya leƙa, ana tambaya ne ruwan wa yake zubarwa. Mai ruwa shi ne mai indararo, shi ke gyara shi, shi ke share shi. Nan jawabina ya mutu.

Ɗan ya soma faɗa, Baba ya ɗaga masa hannu. Idonsa ɗaya bai gama buɗewa ba. Ya juyo wajena.

"Malam, abu ɗaya nake so in sani. Na yi maka magana ko ban yi ba?"

Ba wanda ya ji mu duka sau biyun. Da na ce ban tuna ba, da maganar ta zama tawa da tasa, ga shi tsoho mai ciwo. Na duba wuyansa.

"Ka yi, Baba. Sau biyu. Ni ne na tsaya kallo."

Sai Baba ya ce wa ɗansa ya koma bakin aikinsa, ba inda za a je.

"Kwana ukun nan ba harbin ne ya dame ni ba," in ji shi. "Na ɗauka tun da ubanka ya rasu maganata ta daina haura katangar nan."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Washegari da sanyin safiya na ɗaura tsumma a kan gora, na yi wa ragowar rinar hayaƙi, na share indararon tas.

Na fita neman sanin rina ta wace ce, na dawo da sanin cewa abin da ka gani a gidanka ka ƙyale ya riga ya zama naka. Baba ya daɗe da rasuwa, jikokinsa ne a gidan yanzu. Har gobe ina son kallon ƙwari, ban daina ba. Amma duk shekara kafin hadarin farko ina hawa soro da tsintsiya, in leƙa ta kan katanga in tambaye su ko akwai abin da suke so su gaya mini.