Waya Ta Biyu A Injin Motar Baba

Wata rana na je asibitin ido a sauya min tabarau.

Kun san ni da jira, ba ma shiri. Ina zaune a benci ina ta zabga tsaki, kamar ni kaɗai ne mai uzuri a garin.

A gefena akwai wani mutum, an naɗe masa idanu da bandeji. Goshinsa da kumatunsa duk tabon ƙuna ne.

Ya juyo wajen da yake jin tsakina ya ce, "Yi haƙuri Malam, layin yana tafiya. Ni yau ne za a gaya min ko zan ƙara gani."

Wallahi kunya ta rufe ni. Na mayar da wayata aljihu.

Sunansa Jazuli, tela ne, mai aikin wuyan riga. Yayansa Tasi'u ne ya kawo shi, ya shiga wurin likita jin sakamakon aikin da aka yi masa. Kafin ya fito, Jazuli ya ba ni labarin.

Mahaifinsu ya rasu ya bar wata tsohuwar mota, irin dogayen nan na da. Injinta mai silinda takwas ne, huɗu a wannan gefe, huɗu a wancan. Ta yi shekaru a lulluɓe da tamfol, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta.

Shi Jazuli mayen wasan mota ne. Burinsa ya shiga fili da motar Baba tana ruri, a miƙe tsaye ana nuna shi.

Tasi'u kuwa bakanike ne, a gareji ya yi wayo, a gareji ya yi furfura. Jazuli ya yi ta masa naci har ya gaji ya ce to.

Matsalar tsohon injin ita ce kwayil ɗaya gare shi, wato abin da ke haifar da wutar da ake raba wa filogi. Idan an taka mota sosai, wutar ba ta isa, sai injin ya kama tari.

Sai Tasi'u ya zauna ya sake fasalin distiributa, mai rabon wutar, ya ɗaura kwayil biyu. Kowane ya ɗauki filogi huɗu.

Aiki ya yi kyau. Makanikai daga wasu garejin har zuwa kallo suke yi.

To akwai wata al'ada ta masu wannan sana'a. Motar da ta daɗe a ajiye, sai an ɗan ɗura mata fetur a bakin kafireta, wato inda inji ke shan mai, ana juya injin yana zuƙa.

Tasi'u bai taɓa yin haka ba sai ya fara zare wayar kwayil. Da ka zare ta, inji ya mutu, juya shi yadda kake so ba zai kama ba. Haka ogansa ya koya masa. Ya yi ta yi har hannunsa ya haddace, ba ya ma tunani.

Ranar gwaji, bayan sallar Azahar, Jazuli ya ajiye ɗinkinsa ya zo. Zumuɗi ya hana shi tsayawa gefe. Ya karɓi gorar fetur ya sunkuya a kan injin, Tasi'u ya zauna a gaban sitiyari.

"Yaya, ka cire wuta?"

"Na cire da hannuna. Zuba."

Kuma ba ƙarya ya yi ba. Ya cire.

Ɗaya ya cire.

Ta biyun, wadda shi da kansa ya ɗaura, tana nan a jone.

Ya murɗa makulli. Rabin injin ya kama, wuta ta yi tsartuwa ta bakin kafireta, ta bi fetur ta kama gorar da ke hannun Jazuli.

Abu na ƙarshe da ya gani ke nan.

Da ya gama faɗa min, na ce Allah ya ba shi lafiya. Ya ce amin, ya ƙara da cewa akwai rigar wani bawan Allah a kan keken ɗinkinsa, rabin wuya ya yi mata, yana so ya koma ya ƙarasa.

Ana haka ƙofar likita ta buɗe.

Wani dattijo ya fito, Tasi'u ke nan, hannayensa biyu su ma da tabon ƙuna har gwiwar hannu. Da su ya kashe wutar da ke fuskar ƙaninsa.

Ban tambayi kowa ba. Tafiyarsa kaɗai ta gaya min sakamakon bai yi daɗi ba.

Ya zo ya durƙusa a gaban Jazuli, ya dafa gwiwarsa. Magana ta ƙi fita.

Jazuli ya lalubi hannunsa ya riƙe. Ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Shi ke nan, Yaya. A mayar wa mai riga da rigarsa."

Ni da na zo ina tsaki a kan tabarau, sai ga ni ina share hawaye da hular kaina.

Suka miƙe. Na bi su da kallo har bakin baranda, inda akwai 'yar matakala.

Jazuli ya tsaya, ƙafarsa a sama.

"Yaya, in taka?"

Tasi'u ya duba ƙasa. Ya sake dubawa. Ya sunkuya ya shafa wurin da tafinsa, mutane na kallonsa.

Sannan ya ce, "Taka."

Jazuli ya taka, ko ɗar bai yi ba.

Wannan takun ne ya fi komai karya min zuciya. Muryar da ta ce masa "zuba" ita ce ta ce masa "taka", kuma har yanzu da ita yake tafiya.

Darasi:

Tasi'u ba ganganci ya yi ba. Ya sauya injin, bai sauya hannunsa ba. Tsohuwar kiyayewa ta tsohon haɗari ce.

Idan ka canza wani abu a aikinka, ko a gidanka, tsaya ka tambayi kanka abin da ya canza tare da shi.

Kuma duk ranar da wani ya tambaye ka "ka duba?", ka sani cewa ransa ya ɗora a kan amsarka. Tashi ka je ka duba da ido, kada ka amsa da sabo.

Tura wannan ga makaniken da ka sani, da mai aikin lantarki, da duk wanda ya ƙware har ya daina dubawa. Wataƙila akwai waya ta biyu a jone a gabansa yau.